Kaskon Wutar Inna

Wata ranar Alhamis ce cikin watan Yuli, shekarar da nake aji uku na firamare a Kazaure. An tashe mu da wuri saboda hadari ya haɗo daga gabas, ya rufe kan duwatsun bayan gari har ba a ganinsu. Ba mu kai rabin hanya ba ruwa ya tsuge. Sauran yara suka cusa littattafansu a leda, suka tuɓe takalma, suka faɗa cikin jan ruwan da ke gangarowa daga dutse, suna tsalle suna ihu. Ni kuwa akwai doka a kaina: ko yayyafi aka fara, in raɓe a zauren da ya fi kusa har sai an zo an ɗauke ni. Na raɓe ɗin, da rigar sanyi a jikina a tsakiyar damina kamar wata tsohuwa. Sai wata 'yar ajinmu ta yafito ni, ta ce in zo mana, ruwan da ɗumi. Ban san lokacin da na cire rigar na yar a kan dakali ba. Na yi gudu, na yi birgima, na ɗaga kai na buɗe baki ruwan sama yana zuba a ciki. Ranakun da suka kai wannan daɗi a ƙuruciyata ba su da yawa.

A ƙofar gida na tarar da mahaifiyata, Inna, ta yafa mayafi za ta fita nemana. Ba ta dake ni ba, ko faɗa ba ta yi ba. Sungumata ta yi, duk girmana, ta kai ni ɗakinta ta rufe ƙofa. Ta tuɓe ni, ta mulke mini ƙirji da man zafi, ta lulluɓe ni da bargo, sannan ta jawo kaskon wutarta har gaban gado. Ta zuba garwashi, ta ɗora guntayen itace da ruwa ya taɓa, ta barbaɗa wani ɓawon itace da take saye a wurin mai magani ranar kasuwa. Kafin a kira la'asar ɗakin ya turnuƙe, ƙirjina kuma ya fara kukan da ya saba, siririn kuka irin na 'yar kyanwa. Numfashi ya shiga, ya ƙi fita. Inna ta zaunar da ni a cinyarta tana shafa mini baya, tana ƙara matso da kaskon da ƙafarta, tana cewa, "Kin gani ko, Abarta? Sanyi ba ya sallama, shigowa kawai yake yi." Na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Na shiga ruwa, ga shi ina ciwo, wace shaida kuma ake nema?

Duk rayuwarta Inna ta yi imani da cewa, bayan ikon Allah, wutar nan tata ce ta raya ni. Ba ta da wani abin alfahari da ya wuce wannan. Abin da na zo na sani daga baya game da wannan wuta shi ne maganar da ta fi kowace nauyi a bakina, kuma na daɗe ina kewaye-kewaye kafin in faɗa mata.

Sai da na yi wayo na gane inda tsoronta ya samo asali. Kafin ni ta haifi ɗa namiji a lokacin ɗari, bai kai arba'in ba ya koma. Matan da suka zo gaisuwa suka ce sanyi ne ya shige shi. Ba su faɗa da mugunta ba, haka ake faɗa. Amma Inna ta riƙe maganar, domin a shekarar itace ya yi tsada kuma ta san ta yi tsimi. Da aka haife ni kakata ta laƙaba mini Abarta, wato roƙo ne a bar wannan, sunan kuma ya bi ni har ya danne na yanka. Inna ta ɗauki alkawari tsakaninta da zuciyarta cewa ko me zai ɗauke ni, ba sanyi ba ne. An ce kwana arba'in na jegona wuta ba ta mutu a ɗakin ba. Gadonta na ƙasa ne mai rami a ƙarƙashi inda ake zuba garwashi, ga kasko a gefe, ga turaren wuta safe da yamma don masu barka. Ita kanta 'yar tagar ɗakin, wadda ba ta fi faɗin faifai ba, ta cushe ta da tsumma, kuma haka na tashi na gan ta.

Sana'ar Inna ƙuli-ƙuli ce da man gyaɗa, kuma a unguwarmu ba a haɗa nata da na kowa. Ƙulinta ba ya karya haƙori, ba ya kuma narkewa a aljihu. A madafa take aikin, wani ɗan ɗaki da ke ƙuryar gida wanda kunkunniya ta yi wa baƙi ƙirin tun daga azara har bango. Da rani takan fito da murhu tsakar gida, amma da zarar ruwa ya sauka sai a koma ciki, da jiƙaƙƙen kara da ɗanyen itace, hawaye na zuba ana suya. Takan ba da labari tana dariya cewa ranar da naƙudata ta kama ta ma tana bakin murhu, sai da ta kwashe kaskon suya na ƙarshe sannan ta aika a kira ungozoma. Da ta gama jego kuma a bayanta na koma madafar. Maƙwabta sukan tsokane ni cewa ni da man gyaɗa tare aka matse mu.

Na so madafar nan ƙwarai. Can na koyi ɓare gyaɗa da murje ta a faifai, in hure ɓawon ya tashi. Can nake zama in jira a gama matse mai a gutsuro mini tunkuza mai ɗumi, in mulmula ta in yi shanu da raƙuma in jera a bakin murhu. Da yake an hana ni yawancin abin da yara ke yi, nan ce duniyata. Ba na zuwa ɗebo ruwa da sassafe. Ba na wanke-wanke sai da ruwan ɗumi. Ba na shan ƙanƙara, ba na shan kankana, ko lemon zaƙi sai an ajiye shi a rana ya yi ɗumi. Kununa kullum da citta da kanumfari da masoro, har harshena ya saba, sai da na girma na san cewa ba haka kowa yake shan kunu ba. In 'yan mata sun fita gaɗa a dandali bayan sallar isha'i, ni daga cikin ɗaki nake jin tafinsu, ina bin waƙar a ƙasa-ƙasa. Abin da ya rage mini shi ne carafke, domin a zaune ake yin ta, kuma na gwanance har sai da aka daina son wasa da ni.

A makaranta ma an san da zamana. Inna da kanta ta aika Baba ya roƙi hedimasta a cire ni daga sharar fili da safe, don haka yayin da 'yan ajinmu ke duƙe da tsintsiya a gindin darbejiya, ni ina zaune a baranda ina gadin jakunkuna. Suna ganin na huta, ni kuwa ina jin kamar an ajiye ni tare da jakunkunan ne. In an buga ƙarfen tara kowa ya ruga wajen masu awara da ɗanwake, ni ina tafe a hankali kamar matar liman. Ranar wasannin motsa jiki aikina riƙe wa malama alli. Wani yaro mai baki ya sa mini suna Mai Usur, saboda in ciwon ya taso ana jin ƙirjina daga bencin baya. Na yi kuka a kan sunan nan, amma yau in na tuna dariya nake yi, domin gaskiya ya iya sa suna.

Canji ya zo a dogon hutun da na gama aji huɗu. Kakata ta wajen uwa ta kwanta ciwo a Roni, dole Inna ta tafi jinya. Baba malamin gona ne, yini yake yi a ƙauyuka a kan babur, ba mai kula da ni. Sai ya yanke shawarar kai ni wurin ƙanwarsa, Goggo, wadda ke aure a wata ruga a ƙasar Gwiwa. Inna ta yi ta roƙonsa, ta ce mutanen da ke kwana a bukkar kara a tsakiyar damina ina suka san ciwon ƙirji. Baba mutum ne mai sanyin magana, amma in ya faɗa ya faɗa. Ta haɗa mini ƙullin kaya da ya fi ni girma: rigunan sanyi biyu, hula, safa, man zafi, garin citta, da ƙullin ɓawon nan na hayaƙi. Ta so ta haɗa da kaskon ma, Baba ya ce babur ɗin ba jaki ba ne.

Goggo ta kwance ƙullin ta duba, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta rataye shi a jikin bukka, kuma a nan ya zauna har na tafi. Washegari da asuba ta tashe ni tare da 'ya'yanta. Na taka raɓa da ƙafata ba takalmi, karo na farko a rayuwata, ina jiran ƙirjina ya fara. Shiru. Na riƙe mata ɗan maraƙi tana tatsa, yana lasar mini hannu da harshensa mai kaushi. Na sha madara da ɗuminta daga ƙwarya. Girkinsu a fili suke yi, a kan duwatsu uku, hayaƙin ya miƙe sama ya tafi abinsa. Bukkar da muke kwana iska tana shiga ta ko'ina, ga warin shanu, ga kukan kwaɗi daga fadama. Na bi yara kiwon maruƙa, na koyi kiran saniya da sunanta, na tsinci ƙirgen Fulatanci har goma. Muka ci ɗanyen wake a gona, muka yi langa da maza ba wanda ya ce mana kanzil. Ruwa ya dake ni a daji ba sau ɗaya ba, na dawo ina rawar ɗari, Goggo ta miƙo mini busasshen zane ta ce in je in kaɗo awaki.

Ba zan ce na warke a can ba. Sau ɗaya ciwon ya taso mini, kuma na riƙe ranar. Da yamma ce, sauro da ƙuda sun dami garke, mijin Goggo ya tara ɗanyar ciyawa da busasshen kashin shanu ya cinna musu wuta don hayaƙi ya kore su. Mu yara muka yi ta ratsawa ta cikin hayaƙin muna wasan ɓuya. Nan take ƙirjina ya ɗaure. Goggo ta ja ni can nesa gindin wata tsamiya inda iska ke kaɗawa, ta zaunar da ni, tana yi mini fifita da faifai har ya lafa. Na ji wani abu ya ɗarsu a raina a lokacin, amma ƙwaƙwalwar yarinya ba ta iya haɗa shi ba. Ta yaya abin da uwata ke yi mini magani da shi zai zama shi ne ciwon?

Na koma Kazaure na yi baƙi, na yi ƙiba, ƙafafuna duk kaushi. Inna ta juya ni gaba da baya, ta kara kunnenta a ƙirjina, ta yi hamdala. Sannan ta gaya wa matan gida cewa zafin da ta tara mini a jiki shekara da shekaru ne ya riƙe ni a dajin nan. A daren ta hura mini kasko don ta fitar da sanyin da na kwaso. Kafin mako ya zagayo Mai Usur ta dawo.

Sai da na shiga makarantar kwana aka kai ni asibiti aka kira ciwon da sunansa, asma, aka ba ni inhela, ɗan abin da ake fesawa a baki. Inna ta karɓe shi da girmamawa, ta ɗinka masa 'yar jaka, amma a wurinta ɗan taimako ne kawai yake yi wa wuta. Na gama karatu, na zama malamar firamare, aure ya kai ni Babura. Can ne, ina da cikin fari, na je awo wata safiya, malamar asibiti ta tsaya gabanmu tana bayani kafin a fara kiran suna. Ta ce masu bincike sun daɗe suna bin mata tun daga goyon ciki har 'ya'yansu su tasa, don su gano abin da ke sa wani yaro ya tashi da asma wani ya tsira. Ta ce akwai gado a ciki, wannan ba yadda za a yi da shi. Amma huhun yaro tun a ciki yake ginuwa, kuma hayaƙin da mai ciki ke shaƙa, da wanda jariri ke shaƙa a watanninsa na farko, na itace ne ko gawayi ko taba ko maganin sauro na ƙonawa, ana ganin yana da hannu. Ta ƙara da cewa a wasu wurare an lura yaran da suka tashi cikin dabbobi ba su cika yin ciwon ba, ko da yake ba a gama gane dalili ba. Matan da ke kusa da ni suna ta hirar tsadar atamfa. Ni kuwa ina zaune a kan bencin nan, ina ganin madafar Inna, da tagar da aka cushe, da tsamiyar Goggo.

Ga shi kuma haihuwar fari a gida ake yi. Da watana ya kama na tafi Kazaure wankan gida, na tarar Inna ta yi watanni tana shiri. Ta tara itace a bayan ɗaki har ya kusa kai katanga. Ta sa an yi wa gadon ƙasa sabon yaɓe. Ta haɗa turaren wuta kwalba-kwalba, ta wanke tsohon kaskon nan ta kife shi a rana. Tana nuna mini kayan ɗaya bayan ɗaya, fuskarta kamar ta amarya. Maigidana ya ce in ba zan iya ba shi zai yi mata bayani, na ce ya rufa mini asiri, wace suruka ce za ta ji wannan daga bakin mijin 'yarta? Na yi kwanaki ina ɗaukar maganar ina ajiyewa. In na yi shiru, ɗana zai buɗe ido a cikin hayaƙin da na buɗe nawa. In na yi magana, zan karɓe wa tsohuwa abin da ta jingina da shi tun ranar da ta binne ɗanta.

Wata safiya muna zaune a tabarma muna ɓarar gyaɗa na faɗa mata. Na bi a hankali, na ce likitoci ne suka ce, na ce yanzu ne aka gano, da ba wanda ya sani. Na ce ina so a yi wankan, a yi kunun kanwa, a yi komai, amma kada wuta ta shiga ɗakin da jaririn yake. Hannunta ya tsaya a cikin ƙwaryar. Sannan ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "To, Abarta, hayaƙina ne ke nan ya kama miki ƙirji?"

Na ce, "Inna, ba wanda zai iya rantsewa a kan mutum ɗaya. Kin san mahaifiyar Baba ma da ciwon ta rayu. Abin da na sani shi ne duk lokacin da numfashina ya tsaya, a cinyarki yake dawowa."

Ta tattara ɓawon gyaɗar ta tashi. Kwana biyu tana yi mini komai, abinci, ruwan wanka, matsa ƙafa, amma hira ta ɗauke. Na ji ta da hantsi ita kaɗai a madafa tana jan hanci, kuma ba wuta a murhun. Na yi da-na-sanin buɗe bakina, na kuma san ko an mayar da ni baya sai na sake faɗa.

Na haifi ɗa namiji ana tsakiyar marka. Ranar da muka dawo daga asibiti aka yini ana yayyafi, garin ya yi sanyi. Ina kwance da yaron na hango ta ta ƙofa ta ɗauko kaskon, gabana ya faɗi. Amma ba ɗakin ta nufo ba. Ta wuce da shi can ƙarshen tsakar gida, ƙarƙashin rumfar da ake ɗaure akuya, ta hura wuta ta tsuguna tana jira har itacen ya cinye, hayaƙi ya ƙare, ya rage jan garwashi zalla. Sai ta ware wani tsohon zanenta mai laushi a samansa, ta juya shi gaba da baya, ta ninke, ta cusa a ƙirjinta ƙarƙashin mayafi, ta ratso yayyafin da saurin da ban san tana da shi ba. Ta karɓi yaron ta naɗe shi a zanen mai ɗumi. Daga nan ta taka bakin gado, ta sa hannu ta fara zaro tsumman da ke cikin tagar. Ya shekara fiye da ashirin a wurin, ya manne da bango, sai da ta haɗa da wuƙa. Haske ya faɗo a kan gadon, iska mai ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ta biyo shi. Ta sauko tana karkaɗe hannu, ta ce, "Hayaƙin na bar shi a waje. Amma sanyi dai ba zan bar masa yaron nan ba."

Haka ta yi ta yi har muka yi arba'in. Zane ɗaya yana jikin yaro, ɗaya yana kan garwashi, ita kuma tana tsakani, tana kai da kawowa a tsakar gida da gwiwoyinta masu ciwo. Turaren da ta haɗa ta rabar wa maƙwabta. Ba mu sake tayar da maganar ba, ni da ita, har Allah ya karɓi ranta.

Yau a gidana da gas nake girki, tagogina manya ne, kuma na san sunayen abubuwan da Inna ba ta taɓa ji ba. An rushe madafar an yi ɗakin haya a wurin. Yaron nan yana aji uku yanzu, ƙirjinsa lafiya lau, ban kuma isa in ce ga dalili ba, Allah ne ya sani. Amma har gobe in na gifta mace a kasuwa zanenta yana ƙanshin hayaƙin itace da man gyaɗa, sai ƙirjina ya ɗaure, kuma ba duka ne na asma ba. Kaskon yana wurina, a ƙarƙashin rumfa. In hadari ya haɗo ɗana ya tuɓe riga ya ruga cikin ruwa, ba na kiransa. Nakan zuba garwashi in ɗumama zane, in tsaya a bakin ƙofa ina jiransa.